Na bar soja, CV ɗina ya ƙi jawo kira: don Allah ku duba min

Saje Sigina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen masu aikin netwok da masu ɗaukar ma'aikata da ke wannan zaure. Na yi shekara 14 a sojan ƙasa, ɓangaren sigina, wato sashen sadarwa, bara na ajiye kaki bisa raɗin kaina ina saje. Na yi kwas a makarantar sigina ta Apapa, ina da HND ta kimiyyar kwamfuta wadda na kammala ina cikin aiki, na kuma ci CCNA, jarrabawar ƙwarewar netwok ta kamfanin Cisco, a 2018. Da farko rediyo da oba-oba ne aikina, daga baya duk abin da ya shafi intanet da kwamfuta a inda nake ni ake nema. Tun fitowata nake tura CV bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji, amma shiru kake ji.

Ga yadda yake, shafi biyar ne. Na farko: hotona da kaki, suna, lambar soja, ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure da yawan 'ya'ya. Na biyu: makarantu tun daga firamare. Na uku da na huɗu: duk inda aka taɓa tura ni, da kwasa-kwasai, da lambobin yabo. Na biyar: abubuwan sha'awa da sunayen hafsoshi uku da za su shaide ni. A faɗa min gaskiya, wanda ya sha rana a Defo Zariya magana ba za ta kayar da shi ba.

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam Oga Saje. Allah ya saka da alheri da hidimar da aka yi wa ƙasa. Amma shafi biyar? Ko farfesa sai a hankali 😂

Maman Ilham:
Malam Saje sannu da ƙoƙari. Tace CV shi ne abincina, don haka bari in tambaye ka abu ɗaya kafin komai: a cikin shafi biyar ɗin nan, a ina ka rubuta aikin netwok ɗin?

Saje Sigina:
Yana shafi na huɗu Hajiya. Na rubuta cewa ni ke kula da kayan sadarwa da na kwamfuta na rundunar, kuma ina aiwatar da duk wani aiki da na gaba ya ba ni.

Maman Ilham:
To ka ga matsalar. Idan aka tallata gurbi ɗaya na mai kula da netwok, CV ɗin da ke shigowa sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya karanta su layi-layi. Rabin shafin farko nake dubawa. In na ga abin da manajan sashen ya ce in nemo masa, sai in ci gaba, in ban gani ba sai na gaba. Kai kuma rabin shafinka na farko ya gaya min addininka da yawan 'ya'yanka, bai gaya min ko ka taɓa taɓa suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok, ba. Wasu manyan kamfanonin ma kafin ya iso hannuna sai ya bi ta manhajar tacewa, wadda kalmomin fannin netwok da ke cikin tallan aikin take nema, irin su Cisco, VLAN, VPN, DHCP, fayawol. Babu ko ɗaya a abin da ka lissafa.

Ka cire hoton, da lambar soja, da addini, da aure, da firamare da sakandare. Jiha da ƙaramar hukuma sai in aikin gwamnati ne, saboda su suna bin rabon gurabe tsakanin jihohi, kuma fom ɗinsu zai tambaye ka da kansa. Shafi biyu ya ishe ka.

Injiniya Gwale:
Ni ne irin manajan da Hajiya take turo wa. Oga Saje, bar batun takarda tukuna, ka ba ni labari kamar muna zaune a teburin mai shayi. Wace matsala ce ta taɓa hana ka barci a wajen aiki, kuma yaya ka yi da ita?

Saje Sigina:
Akwai wani wuri da aka tura mu, babu sabis ɗin waya ko kaɗan, VSAT ɗaya, wato intanet ta tauraron ɗan'adam, ne duk muke rataye da shi. Da yamma in ƙananan sojoji suka dawo kowa ya hau kallon bidiyo, sai ofis ya kasa tura ko da imel. Oga ya ce a kashe wa kowa Wi-Fi. Na ce yallaɓai a ba ni kwana biyu, don in aka kashe, mutanen nan ba su da wata hanyar jin muryar iyalansu. Akwai wata tsohuwar rauta, na'urar rarraba intanet, ta kamfanin MikroTik a sito, na kakkaɓe ta, na raba netwok ɗin gida uku da VLAN, wato dabarar tsaga netwok ɗaya ya zama sassa daban-daban: ofis, asibitinmu, da masauki. Na yanka wa ofis kasonsa wanda ba mai taɓawa, na sa wa kowace waya iyaka, da dare kuma in sake musu. Daga nan ba a ƙara kawo ƙara ba. Wahalar da ta fi wannan ma ita ce wuta da ƙura. Kayan a cikin kwantena suke, in hunturu ya shigo duk sati sai na buɗe suwic na hure fankarsa, ga batiran inbata da zafi ke cinyewa. Sai da na sake lissafin lodin gaba ɗaya na cire firij ɗin da wani ya jona a layin.

Injiniya Gwale:
Allahu akbar. Malam, WANNAN shi ne CV ɗinka, ka binne shi a ƙarƙashin "duk wani aiki da na gaba ya ba ni". Na sha zama da masu digiri da satifiket uku waɗanda in ka ce su raba maka VLAN a kan na'ura ta gaske sai gumi ya karyo musu. Abin da ka faɗa yanzu layi uku ne masu nauyi, ka juya su Turanci kawai:

Na raba netwok mai masu amfani kimanin kaza zuwa VLAN uku a kan MikroTik, na tsara rabon bandiwit (ƙarfin layin intanet), aikin ofis ya daina tsayawa a kan layin VSAT guda.

Na kula da ɗakin na'urori a wurin da babu wutar gwamnati, da janareta da inbata, na sake tsara lodi har katsewa ta ragu.

Na horar da ƙananan ma'aikata kaza a kan jan kebul da gano matsala.

Kowane layi ya fara da abin da hannunka ya yi, ya ambaci na'urar da sunanta, ya ƙare da abin da ya canza. Inda na sa "kaza" ka sa adadi na gaskiya.

Baba Mai Ritaya:
Dakata Injiniya. Saje, yarona, ka saurare ni. Na yi shekara 35 a wannan aiki, kuma rantsuwar da ka yi ba ta ƙare ranar da ka miƙa kaki ba. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, ba ta san ritaya ba. Wannan "adadi" da ake ce maka ka rubuta, yawan masu amfani da netwok a sansani ai yawan mutanen sansanin ne. Takardar da za ka tura wa kamfani ashirin, ka ɗora a LinkedIn, ka san hannun wa za ta faɗa? Ko labarin nan da ka bayar yanzu, da ka ambaci garin da na ce admin ya goge.

Injiniya Gwale:
Baba ranka ya daɗe, ban ƙi taka ba, amma in ya cire adadi gaba ɗaya ya koma gidan jiya. Ni ina buƙatar in san ko kwamfuta goma ya riƙe ko ɗari uku, don aikin ba ɗaya ba ne.

Baba Mai Ritaya:
To ya ƙirga na'ura, kada ya ƙirga mutum. Ya ce suwic kaza, rauta kaza, na'urori sama da ɗari, wurare uku. Kada ya haɗa adadi da sunan gari da shekara a layi ɗaya. Sunan bataliya, mitar rediyo, irin na'urar ɓoye saƙo, zanen netwok, hoton ɗakin na'urori, duk babu. "Arewa maso gabas" ta wadatar. Cisco da MikroTik kuwa a kasuwa ake sayar da su, wannan ba sirri ba ne.

Injiniya Gwale:
Na karɓa Baba. Ni ma mutumin da ya zo intabiyu yana zayyana min sirrin tsohon wurin aikinsa tsoronsa nake ji, don gobe nawa zai zayyana.

Abban Sultan:
Ni fa ra'ayina daban. Oga Saje, ka rage maganar sojan nan iya raguwa. Ka rubuta "ma'aikacin gwamnatin tarayya, sashen sadarwa" ka wuce. Mutanen ofis tsoron tsohon soja suke yi. Gani suke ranar da akawu ya ce intanet ba ya yi a karo na biyar za ka sa shi tsallen kwaɗo.

Ɗan Kurna:
Wallahi wasu akawun sun cancanta 😂😂

Maman Ilham:
Abban Sultan, a'a. Wannan shawara za ta kashe shi. Duk kamfanin kirki yana binciken baya kafin ya ba da takardar kama aiki, banki kuwa ba a magana. Ranar da suka nemi takardar barin tsohon aiki ya miƙo ta sallama daga soja, tambayar farko ita ce me ya sa ka ɓoye? Daga nan sai a fara zargin ko korarsa aka yi, ko gudu ya yi. Ya rubuta Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya ɓaro-ɓaro, da shekarun, ya kuma rubuta cewa da kansa ya ajiye aiki kuma takardar sallama tana hannu. Abin da zai canza shi ne jerin: aikin a gaba, muƙamin a baya. "Mai kula da netwok da sadarwa", sannan "Saje, sashen sigina". Ni ban san bambancin saje da kofur a wajen nauyin aiki ba, kuma yawancin abokan aikina haka suke. Amma in ka ce mutum takwas ne a ƙarƙashinka na gane.

Abban Sultan:
Hajiya kina magana ne a kan kamfanin da ke da tsari. Ni na ga inda aka ajiye CV ɗin mutum gefe don kawai an ga soja.

Maman Ilham:
Akwai su, ban musa ba. Amma wurin da zai ƙi shi don wannan, ko ya shiga ta ɓoye ba zai daɗe ba. Akwai kuma wuraren da shi suke nema ido rufe: masu kula da turakun sadarwa a daji, masu jan faiba tsakanin garuruwa, kamfanonin mai, masu samar da intanet ga rassan banki na ƙauye. Yaron da ya tashi a Legas ka ce ya kwana a gindin turke a hanyar Birnin Gwari ka ji amsar da zai ba ka.

Malamin Cisco:
Ba wanda ya taɓo CCNA ɗin. Oga, ta 2018 ta mutu, shekara uku take yi in ba a sabunta ba. Jarrabawar da ka rubuta ma an daina ta, tun Fabrairun 2020 aka koma 200-301, kuma an ƙara abubuwan da babu su sosai a taka: mara waya, tsaro, da sarrafa na'urori ta hanyar manhaja. Dala 300 ce, a canjin yanzu kuɗi ne ba na wasa ba, amma in da hali ita ce abu na farko da zan sa kuɗin sallamata a kai.

Ɗan Kurna:
Ya rubuta CCNA kawai mana ba shekara. Wa zai bincika?

Malamin Cisco:
Ana bincikawa, minti biyu ne a intanet. Kamfanonin da ke dillancin kayan Cisco ma yawan ma'aikatansu masu satifiket mai rai yana cikin sharuɗɗan hulɗarsu, don haka dole su duba. Ya rubuta "CCNA, 2018, wa'adi ya ƙare, ina shirin sabuntawa" in da gaske yana shirin. Wannan ba abin kunya ba ne.

Kafin nan, Oga Saje, ka sauke Packet Tracer, manhajar gina netwok na gwaji a kwamfuta, kyauta ne in ka yi rajista da Cisco Networking Academy. In kwamfutarka na da ƙarfi ka ƙara da GNS3, ita ma manhajar gwaji ce. Ka gina irin netwok ɗin reshen banki: VLAN huɗu, OSPF (tsarin da rauta ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi) tsakanin rauta biyu, layin ko-ta-kwana in na farko ya yanke. Ka sa shi a CV a matsayin aikin gwaji na kanka. Yana cike giɓin shekarar da ka yi a gida, kuma abu ne da za ka iya buɗewa ka nuna ba tare da ka taɓa sirrin kowa ba. Tunda hannunka ya saba da MikroTik, ka duba MTCNA ma, satifiket ɗin MikroTik, don ƙananan kamfanonin intanet da yawa da kayan MikroTik suke aiki.

Saje Sigina:
Na gode Malam. OSPF kam a littafi na san shi, ban taɓa yin sa a wurin aiki ba. In sa shi a cikin abubuwan da na iya?

Injiniya Gwale:
Sai bayan ka gina shi a Packet Tracer ka lalata ka gyara. Duk kalmar da ka sa a CV ka ba ni izinin in tambaye ka a kanta. Ni ba na wahalar da mutum, takarda nake miƙa masa in ce yankin netwok mai girman /26 na'ura nawa yake ɗauka. In ya ce 62 mu ci gaba. In ya fara kallon silin, shi ke nan. Sai in ce reshe ya kira ya ce babu intanet, me za ka fara dubawa? A nan nake sa ran za ka doke kowa, don wanda ya saba gyara abu alhali babu wanda zai kira ya san a fara da wuta da kebul kafin a zargi kamfanin intanet.

Sani Ba Sani Ba:
Duk wannan dogon turanci ne. A ƙasar nan ƙafa ce ke ba da aiki. Oga ka nemi wani janar ya ɗaga maka waya kawai.

Maman Ilham:
Ƙafa tana sa a buɗe CV, gaskiya ne. Amma a wannan fanni ba ta riƙe mutum, saboda ranar da netwok ya faɗi babu janar ɗin da zai zo ya tayar. Kuma wanda zai miƙa ka ma yana son abin da ba zai ji kunyar turawa ba. Tunda an zo nan: Malam Saje, hafsoshin nan uku ka cire sunayensu da lambobinsu daga takardar, sai an nema. Ka kuma samo farar hula ko ɗaya, ko malaminka na HND, ko injiniyan kamfanin da ke zuwa muku gyaran VSAT. Hafsa yau yana Kaduna gobe an mayar da shi inda waya ba ta shiga, mu kuma kira biyu muke yi mu haƙura.

'Yar Bulunkutu:
Yaya Saje, tunda ka ambaci ƙungiyoyin agaji bari in sa baki, a nan Maiduguri nake aiki da su. Ka daina raina rediyon nan. A ƙarshen 2016 aka buɗe sashen sadarwar gaggawa a ƙarƙashin jagorancin WFP, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya kafa intanet da ɗakunan rediyo a cibiyoyin ma'aikatan agaji irin na Bama, Dikwa, Gwoza, Monguno da Ngala. Rediyon VHF da HF, VSAT, sola, su ne kayan aikin. Masu CCNA suna da yawa, wanda ya haɗa ta da iya saita rifita, na'urar ƙara wa rediyo nisa, da ɗaga eriya kaɗan ne. Don haka CV biyu za ka yi: na banki rediyo layi ɗaya, na agaji rediyo a sama.

Sai dai abu biyu. Ƙungiyoyin nan suna kaffa-kaffa da duk abin da zai sa a ga kamar suna tare da wani ɓangare, don haka sunayen ofareshan da lambobin yabo na fagen fama ka bar su a gida, kuma ka shirya amsa in an tambaye ka. Na biyu, tun da Amurka ta janye yawancin tallafinta a 2025 guraben sun ragu sosai, kada ka dogara da nan kaɗai.

Saje Sigina:
Ƙanwata na gode. Lambobin yabon nan dai cire su da ciwo. Akwai wadda abokaina biyu ba su dawo sun karɓi tasu ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan. Yarona, lambar tana ƙirjinka da bangon ɗakinka, ba wanda ya ƙwace. Takardar neman aiki ba wurinta ba ne. In akwai takardar yabo da kwamanda ya ba ka saboda aikin sadarwar kansa, wannan ka sa, layi ɗaya.

Injiniya Gwale:
Amin. Allah ya gafarta musu.

Ɗalibi Mai Koyo:
Afuwan manya, tambaya a gefe. Shi da yake da HND ba za a nemi takardar bautar ƙasa ba?

Maman Ilham:
Tambaya mai kyau, za a nema. Dokar NYSC ta ɗauke wa wanda ya yi fiye da wata tara a soja ko ɗan sanda, amma ni ba doka zan sa a fayil ba, takarda zan sa. Malam Saje, in ba ka karɓi takardar da ke nuna an ɗauke maka ba, ka fara bin ta ta makarantarku tun yanzu, kada sai an ba ka aiki a ce ka kawo cikin sati ɗaya. In kuma ka bi ta cibiyar Oshodi, inda ake koya wa sojoji masu barin aiki sana'a, kafin ka fito, kwas ɗin da ka yi can ka sa shi kawai in ya shafi kwamfuta. In kiwon kaji ka koya, bar shi.

Saje Sigina:
Ban je Oshodi ba, takardar NYSC kuma tana hannu. Na zauna daren jiya na sake shi, ya dawo shafi biyu. Ga saman, da Hausa don kowa ya sa baki:

Suna, waya, imel, Kaduna, a shirye nake in yi aiki ko'ina.
Mai kula da netwok, shekara 8 a kan Cisco da MikroTik, VSAT da rediyo, a wuraren da babu wuta babu sabis. Na jagoranci ƙananan ma'aikata. Tsohon sojan sigina, mai gaskiya, mai biyayya, mai aiki tuƙuru, mai jure wahala.
Sai abubuwan da na iya, sai aikin da layukan Injiniya, sai satifiket, sai HND.

Shekara 8 na sa ba 14 ba, don su ne na netwok zalla.

Maman Ilham:
Yanzu ka zo. Takwas ɗin daidai ne, kuma shekarun rediyon suna nan a ƙasa ga mai son gani. Gyara uku. Wannan "mai gaskiya, mai biyayya, mai aiki tuƙuru" ka share, kowa haka yake rubutawa har wanda aka kora don sata, kuma labarin VSAT ɗin ya riga ya faɗe su. "Ƙananan ma'aikata" ka sa yawansu. Sannan imel ɗin da na gani a hoton da ka turo min ta gefe, mai "commando" a ciki, don girman Allah ka buɗe sabo da sunanka.

Ɗan Kurna:
Commando 😂😂 Oga ashe kai ma

Saje Sigina:
Tun ina kurtu na buɗe shi, a yi haƙuri 😅 Na canza. A Word zan tura ko PDF?

Maman Ilham:
PDF, sai in tallan ya ce Word. Amma wanda aka fitar daga Word kai tsaye, ba wanda aka buga aka ɗauka a hoto a shagon kwamfuta ba, manhajar tacewa ba ta karanta hoto. Rubutun ya sauko a jeri ɗaya daga sama zuwa ƙasa, kada a raba shafin gida biyu, ba tebur ba ado. Sunan fayil ɗin ya zama sunanka da CV, ba "sabo na ƙarshe 2" ba.

Injiniya Gwale:
In ka gama ka turo min ta gefe. Ba alkawarin aiki na yi ba, amma zan yi maka intabiyun gwaji na rabin awa a waya, irin wanda nake yi wa kowa. Ka zo da takarda da biro.

Malamin Cisco:
Ni kuma zan sa fayil ɗin gwajin OSPF a nan zauren ranar Asabar, na ɓata abu uku a ciki da gangan. Oga Saje da Ɗalibi, duk wanda ya riga gano su ya faɗa.

Ɗalibi Mai Koyo:
Malam a waya zai buɗu? Ba ni da laftof sai na je makaranta.

Malamin Cisco:
Sai kwamfuta. Ka bari sai Litinin, ba za mu saki amsar ba kafin nan.